Na fara da zayyana, na koma kwamfuta, yanzu bango nake so: na watse ne?

Tambaya daga wani matashi a Daura: Malam, tun ina makarantar allo nake yi wa masu sauka zayyana. Da na tasa na koma rubuta allunan shaguna da fenti, daga nan na yi shekaru ina fitar wa masu ɗinkin hula da riga zane, yanzu kuma da kwamfuta nake cin abinci, ina haɗa katin biki da fosta. Ga shi raina ya koma kan adon bango irin na magina. Mahaifina ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Shin mai zane yana zama gwani in yana sauya hannu haka, ko dai na watse ne?

Amsa: Ɗana, maganar Baba tana da tushe, kada ka ɗauke ta ta tsohon yayi. A ƙasar nan sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a bakin zuga yake tashi, ɗan baduku a cikin fata, har fada ta naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Magina don kowace sana'a ta san gidanta. Wanda ya taso a haka, in ya ga ɗansa yau da alƙalami, gobe da buroshi, jibi a gaban kwamfuta, dole hankalinsa ya tashi. Amma ni da na ƙare aikina ina koyar da zane a nan Katsina, na ga masu sana'a guda da suka tsufa ba su ƙaru da komai ba, na kuma ga waɗanda suka ratsa kayan aiki iri-iri hannunsu na ƙara nuna. Sauya kayan aiki ba shi ke watsa mai zane ba. Abin da ke watsa shi shi ne ya bar abu tun bai gama koya masa abin da ke cikinsa ba, ya isa na gaba hannu rabbana.

Fara da duba abin da ka lissafa. Kai sana'a biyar kake gani, ni kuwa ban ga biyar ɗin ba. Ɗauki dagi kawai. Yana jikin babbar riga, yana kan gafakar da baduku ya ɗinka wa Alƙur'ani, yana cikin kayan doki ranar hawan salla, yana saman ƙofar zaure. Zane guda ne yake yawo daga zare zuwa fata zuwa ƙasa. Kuma a al'adar ɗinkin riga, sau da yawa ba mai allura ke fitar da aska takwas da tambari ba. Malami ne, wanda hannunsa ya saba da tawada, yake zana su a jikin ƙyallen, sannan masu ɗinki su bi sawunsa. Ka ga ke nan hanyar da ka bi daga allo zuwa riga tsohuwar hanya ce, kakanninmu sun taka ta. Sabon abu a wurinka kwamfuta ce kaɗai.

Ciro takardar naira ashirin ka juya bayanta. Matar nan mai ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, an haife ta a Kwali wajen 1925. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya irin yadda mata ke yi: ana murza yumɓu igiya-igiya, a ɗora, a shafe, a gasa a buɗaɗɗiyar wuta. Ta yi suna har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta, kuma a gidansa wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Abujar da nake nufi ita ce ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Cardew ya buɗe a can, ita ce mace ta farko. Tana dab da shekara talatin, gwana a irin nata, ta zauna ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya sinadarin da ke narkewa a wuta ya yi ƙyalli kamar gilashi, da gashi a rufaffen tanderu mai tsananin zafi. Abin da ba ta bari a gida ba shi ne ƙadangare da kunama da kada da kifi da hawainiya da take karta a jikin tukunya. Da su ake gane aikinta ko daga nesa, da su aka nuna shi a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Sai dai akwai abin da masu ba da labarinta kan tsallake, ni kuwa shi na fi so ka riƙe. Randar gargajiya tana tsattsafo ta jikinta, iska na busar da laimar, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Randar da aka shafa wa sinadarin nan aka gasa da wuta mai tsanani ba ta tsattsafo, ga ta da nauyi. Ta tashi daga abin zuba ruwa ta koma abin kallo. Ba aibu nake faɗa ba, ina nuna maka ne cewa duk sabon kayan aiki in ya ba ka wani abu, sai ya karɓe wani. Kai ma ka tambayi kanka me kwamfuta ta karɓe maka.

Wanda labarinsa ya fi kusa da naka shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, don haka da alƙalami da tawada ya buɗe ido, kamar kai. A 1954 ya tafi Landan, makarantar zane ta Slade, ya ƙware a zanen Turawa da fentin mai. Bayan ya dawo gida a 1957 ya baje kolin aikinsa a Khartum, mutanen gari suka nuna ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da ke burge idonsu. Ya tarar rubutun Larabci ne da adon allo da zanen kayan saƙa. Ya koma kan baƙaƙen da ya bari tun yarinta, yana warware su, yana miƙar da su, yana lura da filin da ke tsakanin baƙi da baƙi, har siffofi suka riƙa fitowa daga ciki. Kalarsa ma ta koma ta ƙasar Sudan, ja-ja da ruwan ƙasa da baƙi.

A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ba a yarda fursuna ya riƙe takarda ba. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane da guntun fensir, ya binne a yashi. Wannan takura ita ta haifar masa da salon da ya riƙe bayan ya fito: ya fara da 'yar takarda guda da baƙar tawada, in zanen ya cika ta ya nemi wuri, ya jona wata a gefe, haka har ya zama babban aiki. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya tattara aikin rayuwarsa ya nuna. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya, tsayuwa gaban babban allo ta gagara, sai ya koma zane a kan kwalayen magungunan da yake sha da ambulan, yana zaune a kujera. Fentin mai, takardar siminti, kwalin magani: in ka jera su, layin alƙalamin ɗan makarantar allo ne ke tafiya a cikinsu duka.

Wani lokaci ma kuskure ke buɗe ƙofar. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Da fenti ya fara, ya karkata ga ɗab'i, wato a karta zane a jikin farantin ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. A 1967 ya yi amfani da ruwan asid da bai dace ba, ya cinye masa faranti. Ya cike ramukan da gam ɗin Araldite don ya ceci aikin, da ya buga sai ya ga zanen ya fito da tudu da kwari kamar sassaƙa. Daga nan ya gina salon da aka san shi da shi, wanda ya kai shi har ga aikin ƙarfe da manyan ayyuka masu tsayuwa da kansu. Asid ya sha ɓata wa mutane faranti kafin shi, suka jefar. Shi ya riga ya daɗe a cikin aikin, idonsa ya san abin da yake kallo.

El Anatsui ɗan Gana, wanda ya zo koyarwa Jami'ar Nsukka a 1975, ya yi faifan katako yana ƙona masa zane da ƙarfe mai zafi, ya yi yumɓu, ya yi sassaƙa da zarto mai inji, sai da ya haura hamsin sannan ya kama marafen kwalabe yana ɗinke su da wayar tagulla suna zama kamar ƙaton mayafi. Da wannan duniya ta san shi. Henri Matisse na Faransa kuwa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta kwantar da shi, almakashi ya ɗauka yana yanka takardu masu kala, kuma aikin nan na tsufansa yana cikin mafi kyawun abin da ya bari. Don haka kada ka ɗauka wanda bai gama zaɓa yana matashi ba ya makara.

To, amma duba su da kyau. Babu ko ɗaya da ya tashi daga wani abu don ya yi masa wuya. Kowannensu sai da ya kai matsayin da in ya tsaya nan ma za a kira shi gwani, sannan ya matsa, ko don kayan aikin sun kasa ɗaukar abin da yake son faɗa, ko don lalura ta tilasta. A nan ne tsoron Baba yake da gaskiya. Mai haƙa rijiya in ya yi gaba biyu nan ya ci karo da dutse ya koma can ya yi gaba biyu, zai cika gona da ramuka bai ga ruwa ba. Kowace sana'a farkonta daɗi gare shi, don kullum kana ganin ci gaba. Sai a tsakiya ci gaban ya tsaya cik, ka yi ta aiki kamar ba ka motsi. Yawancin ɗaliban da na ga sun watse a wannan gaɓar suka gudu, suna cewa sun samo abin da ya fi dacewa da su, alhali daɗin farawa kawai suke bi.

Ni ban ga aikinka ba, don haka kai za ka yi wa kanka hukunci. Tattaro duk abin da za ka iya samu: allon da ka yi wa zayyana in yana nan a gidan wanda ya sauke, hoton allunan shagunan da ba a goge ba, tsofaffin takardun zanen hula, katunan da ka haɗa. Shimfiɗa tabarma ka jera su bisa shekarunsu, ka kira wani mai ido wanda ba ya jin nauyinka. Abu biyu za ku duba. Na farko, in aka cakuɗa su da aikin wasu, za a iya tsamo naka? Wataƙila yadda kake rufe kusurwa ne, ko yadda kake barin fili, ko wata kala da kullum kake ajiyewa kusa da wata. Na biyu, hular ta amfana da zayyanar? Katin bikin ya amfana da hular? In kowane mataki yana ɗauke da wanda ya gabace shi, tafiya kake yi. In kuwa kowane ɗaya kamar wani mutum daban ya yi shi, to akwai gyara, kuma gyaran ba daina sauyawa ba ne, komawa ne ka ɗauko abin da ka yar a hanya.

Inda na fi yi maka fargaba kwamfuta ce, ba bango ba. Ba na cikin masu raina ta, ai ita ke ciyar da kai, kuma wanda ya iya manhajar zane ta CorelDRAW zai fitar da zanen da zai ɗauki mai kamfas da rula kwana da kwanaki cikin awa guda. Amma tana ɓata hannu ta hanyoyin da ba a ji. Mai zayyana a takardar Alƙur'ani, da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro, ya san in ya ja layi ya jawu, don haka yana gama zanen a kansa kafin hannu ya sauka. A kwamfuta kana da maɓallin komawa baya, sai tunani ya yi kasala. Sannan tana daidaita komai ƙwarai, dama ta zama hoton hagu sak, alhali ɗan bambancin da hannu ke bari shi ke sa hular hannu ta fi ta inji rai a ido. Mafi muni shi ne zanen da ake saukewa daga intanet. Duba katunan biki da fostocin garin nan, rabinsu adon Maroko ne ko na Turkiyya, kowa da irin na kowa. Kai kuwa kana da abin da masu shagon buga takardu ba su da shi. Zana naka da hannu, ka ɗauke shi hoto, ka gyara a kwamfuta, ka tara rumbun zanenka. Kuma kowace rana ka ba alƙalami da takarda ko rabin awa ne, ko ba wanda ya sa ka aiki.

Batun zana mai rai, tunda na ambaci ƙadangarun Ladi, wannan na malamai ne, je ka tambaye su. Layin da kake kai na baƙaƙe da dagi da ganye bai ma kai ka can ba.

Yanzu bango. Ina goyon bayanka, da sharaɗin ka shiga a matsayin yaron magini, ba mai zane da ya zo nuna wa magina ba. Adon bango na gargajiya ba a kan gini ake ɗora shi daga baya ba, cikin ginin yake. Ana fitar da shi ne da hannu tun yaɓe na ɗanye, ko a tayar da shi ya yi tudu, ko a karta shi ciki, kuma kana da ɗan lokaci kafin ƙasa ta sha iska ta ƙi. Magabata sun san ƙasar da ta dace, sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa don ta kare bango daga ruwa, sun san laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, adon da ke cikin masallacin da bakan da ke ɗauke da rufinsa tunani guda ne. Daga baya siminti da fentin gwangwani suka shigo, magina suka riƙa saka keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, su ma ka ga sun sauya hannu ba su bar gida ba. Demas Nwoko da na ambata ɗazu daga fenti da sassaƙa da tsara dandalin wasan kwaikwayo ya shiga gini, ya gina majami'ar Dominikan a Ibadan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gini a Venis a 2023. Ya kai nan ne don ya zauna ya koyi ƙasa da iska da haske, ba don ya iya zane kawai ba.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne nisa. Allo a cinya ake kallonsa, hula a tazarar gaisuwa, bango kuwa daga tsallaken titi. Ƙananan ƙawar da ke sa zayyana ta yi kyau in ka kai su bango sai su dunƙule su zama tabo, dole ka rage, ka kaurara layi, ka bar fili. Allunan shagunan da ka rubuta za su taimake ka a nan fiye da zayyanar. Na biyu inuwa. A takarda tawada ke yin layi, a bango mai tudu rana ke yin sa, zanen da ya fito ƙarara da hantsi yana iya ɓacewa da azahar. Na uku ruwa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon da ke kallon gabas shi ke shan duka, don haka zanen da zai tara ruwa a kwarinsa ba a yin sa a can.

Kada ka rufe shagon kwamfuta. Nemi tsohon magini a Daura ko nan Katsina wanda har yanzu ake kira gyaran zaure da soro, ka bi shi rani guda kana kwaɓa ƙasa kana miƙa masa. In ya yarda hannunka ya isa, aikinka na farko ya zama a bangon gidanku, ba na mai biya ba. Fitar da zanen a takarda, ka raba shi gida-gida, ka daka layukan a bango da igiya mai gawayi don girman ya daidaita. In ka gama ka ɗauke shi hoto da safe da rana da yamma, ka bar shi damina ta bi ta kansa. Inda ya tsage da inda ya zube, kai maginin ya gani ya faɗa maka dalili kafin ka karɓi kuɗin kowa.